Ƙananan Halittu Abokan Zaman Shuka da Dabba a Ƙasar Borno: Tarihinsu da Matsalar Sunansu a Hausa

1.0 Gabatarwa

Mairi unguwa ce da ke gefen Maiduguri, a ƙaramar hukumar Jere, jingine da Jami'ar Maiduguri wadda aka kafa a shekarar 1975 a kan hanyar Bama. Ƙasar yankin rairayi ce mai ƙarancin ƙarfi, ruwan saman da take samu a shekara kuwa bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Duk wanda ya tumɓuke gindin wake ko na gyaɗa a irin wannan gona a tsakiyar damina, zai tarar da wasu 'yan ƙullutai manne da saiwar, waɗanda cikinsu ja-ja ne idan aka fasa. A cikinsu ne wasu halittu da ido ba ya gani suke zaune, suna ciyar da shukar, ita ma tana ciyar da su.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan zama a ƙasar Borno da maƙwabtanta, tun daga zamanin da manoma ke cin amfaninsa ba tare da sanin masu aikin ba, har zuwa lokacin da aka fara sayar da halittun a ƙunshe cikin leda. Daga nan za ta dubi wata matsala da ta shafi manazarta harshe kai tsaye. Sunan da ya fi yaɗuwa a Hausa ga duk halittar da ba a gani da ido shi ne "ƙwayar cuta", alhali kuwa waɗanda ake magana a kansu a nan su ne suka riƙe gonar talaka shekaru aru-aru.

2.0 Abin da Manomi da Makiyayi Suka Riga Suka Sani

Binciken kufai da masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, cikinsu har da Peter Breunig, suka gudanar tare da Jami'ar Maiduguri a shekarun 1990, ya nuna cewa mutanen da suka zauna a yankin Gajiganna, arewa da Maiduguri, suna kiwon shanu tun kimanin shekara 3,800 da suka wuce, daga baya kuma suka kama noman gero. Wake, wanda Barebari ke kira ngalo, ɗan asalin Afirka ta Yamma ne, haka nan gurjiya, wadda ake danganta asalinta da arewa maso gabashin Nijeriya da arewacin Kamaru. Ke nan saniya da gero da dangin wake sun daɗe tare a wannan yanki.

Daga wannan daɗewa manoma suka fitar da ƙa'idojin da har yau ake bi. Ana haɗa gero da wake a gona ɗaya. Ana sauya shuka, watau a sa hatsi bana inda aka yi gyaɗa bara. Ana adana harawa a kan rufin ɗaki ko reshen itace domin dabbobi su ci da rani, sannan a kwashe takinsu a mangala a mayar gona kafin ruwa ya sauka. Ana kuma barin gawo a tsakiyar gona, saboda an lura hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau. Gawo dai yakan zubar da ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tofo, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. An ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa doka mai tsanani a kan sare shi. A Borno akwai kuma dakwara, itacen da ake samun ƙaro daga gare shi, wanda shi ma dangin wake ne, kuma yakan farfaɗo da gonar da aka bari ta huta.

Harshen Hausa yana da kalmomin bayyana sakamakon duk wannan. Akan ce gona ta gaji, ko ta mutu, ko ta huta, ko kuma ƙasa tana da ƙarfi. Abin da babu shi ne sunan ma'aikacin da ke dawo da ƙarfin, domin ba a taɓa ganinsa ba.

3.0 Yadda Aka Gano Masu Aikin

A Turai ma an daɗe cikin irin wannan hali. Ko da yake Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya hango ƙananan halittu da madubin ƙara girma tun a shekarun 1670, sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka fahimci aikinsu. A 1879 Anton de Bary, masanin tsirrai ɗan Jamus, ya yaɗa kalmar da masana ke amfani da ita har yau domin zaman tare na halittu biyu mabambanta. A 1886 Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth suka bayyana cewa dangin wake suna samun sinadarin naitirojin daga iska, kuma ba sa iya yin haka sai da ƙullutan saiwarsu. Bayan shekara biyu, a 1888, Martinus Beijerinck ya ware halittar da ke cikin ƙullutun ya rene ta ita kaɗai, a 1889 kuma aka raɗa wa jinsinta suna Rizobiyam. Kafin ƙarnin ya ƙare har an fara sayar da ita ga manoman Jamus.

Yadda aikin yake shi ne, kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma babu shukar da ke iya amfani da shi a yadda yake. Saiwar wake takan fitar da wasu sinadarai da ke kiran bakteriyar daga cikin ƙasa, ita kuma ta shiga saiwar, shukar ta gina mata ƙullutu ta zauna. Shukar tana ba ta sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana, ita kuwa tana juya naitirojin na iska ya koma abin da shuka ke iya sha. Jan launin cikin ƙullutun ya samo asali ne daga wani sinadari ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ja, aikinsa kuwa shi ne daidaita iskar oksijin don kada ta ɓata aikin. Saboda haka ƙullutu ja alamar aiki ce, fari ko kore kuwa alamar zaman banza. Gawo ma haka yake yi. A 1992 masu bincike biyu, Dupuy da Dreyfus, sun samu irin wannan bakteriya a ƙarƙashin gawo a Sanagal, a zurfin da ya wuce mita 30.

Rabin labarin ke nan, sauran rabin yana cikin tumbin saniya. Saniya ba ta da sinadarin narkar da kara ko busasshiyar ciyawa. Biliyoyin halittun da ke tumbinta ne ke ruɓar da abincin, ita kuma ta rayu da abin da suka fitar, ta kuma narkar da su kansu ta sami abin gina jiki. Tuƙar da take yi taimako ne gare su, ɗan maraƙi kuwa yana samunsu ne daga lasar uwarsa da cuɗanya da garke. Robert Hungate na Amurka ya fito da hanyar renon waɗannan halittu a wajen iska a 1950. Su ma suna buƙatar naitirojin kafin su yi aiki sosai, shi ya sa harawa da 'ya'yan gawo ke riƙe dabba da rani fiye da kara zalla. Da shanun Wadara na Larabawan Shuwa da shanun Kuri na tafkin Chadi, duk da wannan taimako suke rayuwa.

Idan aka haɗa biyun, sai a ga hanya guda: daga iska zuwa ƙullutu, daga ƙullutu zuwa harawa, daga harawa zuwa tumbi, daga tumbi zuwa taki, daga taki zuwa zangarniyar gero. Matakai biyu daga cikin waɗannan aikin halittun da ba a gani ne.

4.0 Zamanin Gyaɗa

Gyaɗa, wadda Barebari ke kira kolji, baƙuwa ce daga Amurka ta Kudu, Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka tun wajen ƙarni na 16. Dalili ɗaya na karɓuwarta shi ne bakteriyar da ta saba zama da wake da gurjiya a ƙasar nan ta karɓi baƙuwar ba tare da wahala ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai gyaɗa ta zama babbar hajar fitarwa tun daga 1912, har aka shiga zamanin dalar gyaɗa wadda ake dangantawa da Alhassan Ɗantata. Layin dogo ya kai Nguru a 1930, ya kuma iso Maiduguri a 1964, lokacin da Nijeriya ke kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Sai dai a nan akwai abin lura. Dangin wake ba sa ƙara wa gona ƙarfi sai in wani kaso na abin da suka tara ya koma cikinta. Gyaɗa kuwa tumɓuke ta ake yi gaba ɗaya, ƙwayar ta tafi Ikko ta hau jirgin ruwa, ƙulin da aka samu bayan matse man ya ciyar da shanun Turai. Ta haka naitirojin da ƙullutan gonakin Kano da Borno suka tara ya riƙa tsallaka teku, tare da sinadarin fosfaras wanda ƙasar yankin dama ba ta da shi da yawa, kuma ƙullutu ba ya aiki sosai in babu shi. Wannan ne ya sa takin zamani na farko da jami'an gona suka yaɗa a Arewa a shekarun 1950 ya kasance sufa, domin gyaɗa. Farin 1972 zuwa 1974 da annobar cutar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda kwarin darɓa ke yaɗawa, su suka rufe wannan babi.

A tsawon wannan lokaci, yawancin jami'an gona suna kallon haɗa shuka iri-iri a gona ɗaya a matsayin rashin wayewa. Binciken da David Norman ya jagoranta daga Samaru a ƙauyukan Zariya, daga tsakiyar shekarun 1960, shi ya nuna da alƙaluma cewa manomin da ke haɗa hatsi da wake ya san abin da yake yi, domin ya fi samun riba kuma ya fi tsira daga asara. Nazarin Michael Mortimore a karkarar Kano ya ƙara nuna yadda harawa da dabbobi da taki suka ba da damar noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu.

5.0 Takin Buhu da Komawa ga Saiwa

Tun a 1913 masana'antun Jamus suka fara kama naitirojin na iska da ƙarfin wuta da matsi, bisa hanyar Fritz Haber da Carl Bosch. Amfanin wannan ya iso manomin Arewa sosai ne a zamanin kuɗin man fetur. Shirin ciyar da ƙasa na 1976 ya zo da rangwame mai yawa a kan taki, a shekarar ce kuma kamfanin sufa na Kaduna ya fara aiki, na yuriya da ke Onne ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1980. Kalmomin yuriya da kamfa da sufa suka zauna daram a bakin manoma, masara ta bazu zuwa wuraren da a da gero da dawa kawai ake yi. Amma daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, rangwamen ya riƙa tangal-tangal, takin ya fi ƙarfin mai ƙaramar gona. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun amince cewa abin da manomin nahiyar ke zubawa bai wuce kilo 8 a kowace hekta ba, suka sa burin kai shi kilo 50.

Wannan tsada ce ta mayar da hankalin masana ga ƙullutun saiwa. Waken soya misali ne mai kyau. Ire-irensa masu yawan yabanya da aka kawo daga Amurka sun ƙi jituwa da bakteriyar ƙasar nan, don haka daga ƙarshen shekarun 1970 cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta shiga samar da iri mai karɓar bakteriyar gida. Irin waɗannan ne shirin PROSAB, wanda IITA ta gudanar da tallafin ƙasar Kanada daga 2004 zuwa 2009 tare da Jami'ar Maiduguri da hukumar bunƙasa noma ta jihar, ya yaɗa a Biu da Hawul da Damboa, inda aka riƙa sauya waken soya da masara domin ƙarfafa ƙasa da rage wuta-wuta. Shirin N2Africa, ƙarƙashin jagorancin Ken Giller na Jami'ar Wageningen ta Holan, ya ɗora a kudancin Borno daga 2014, a daidai lokacin da IITA ta fara haɗa garin bakteriya mai suna NoduMax. Baƙin gari ne da ake cakuɗa iri da shi kafin shuka, abin da ake liƙa shi da shi a jikin irin kuwa shi ne ruwan ƙaro, watau ɗanyen arzikin dakwarar Borno da Yobe.

Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 ya ƙara wa batun nauyi. A shekarun da suka biyo baya hukumomin tsaro sun taƙaita shigar da yuriya arewa maso gabas saboda ana iya haɗa abin fashewa da ita, a wasu wurare kuma an hana shuka mai tsayi. Manoman gefen gari, da dubban waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Jere, sun dogara ne a kan 'yan filayen da ke kusa, inda gajerun shuke-shuke irin su wake da gyaɗa suka fi dacewa. A irin wannan hali naitirojin ɗin da ba ya buƙatar takardar izini shi ne na cikin ƙullutu.

6.0 Matsalar Suna

Labarin ƙananan halittu ya shigo ƙasar Hausa ne ta ƙofar asibiti. Aikin Louis Pasteur da na Robert Koch, wanda ya gano bakteriyar tarin fuka a 1882, shi ne tushen ilmin likitocin da suka zo tare da mulkin mallaka. Duba-gari da malamin tsabta da jami'in allurar shanu duk gargaɗi suka zo yi, kuma ta bakinsu, da ta jarida irin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, da ta rediyo daga baya, jama'a suka san akwai abin da ido ba ya gani. Sunan "ƙwayar cuta" ya dace da wannan aiki ƙwarai. Gajere ne, sassansa biyu sanannu ne, kuma yana ɗauke da gargaɗin a cikinsa. Illarsa ita ce ya yanke hukunci tun a cikin suna, shi ya sa mai fassara kan wayi gari yana cewa "ƙwayoyin cuta masu amfani", maganar da ƙarshenta ke ƙaryata farkonta.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga malamin gona da ke riƙe da ledar garin bakteriya a gaban manoma. In ya ce ƙwayoyin cuta ne, ba mai yarda ya shafa wa irinsa cuta. In ya ce magani ne, za a ɗauke shi kamar hodar kashe ƙwari, a ajiye shi a rana ko a haɗa shi da guba, halittun su mutu. In kuma ya ce taki ne, za a nemi a watsa shi a gona, a kuma raina ƙanƙantar ledar. Abin da ake so manomi ya gane shi ne abu ne mai rai, yana son inuwa da sanyi, kuma a shuka irin a ranar da aka cakuɗa. Sunan da bai ɗauki ma'anar rai ba ya bar rabin saƙon a baya. "Ƙwayoyin halitta" ma bai warware matsalar ba, domin an riga an ɗora masa ma'anoni da dama, daga tubalan ginin jiki har zuwa abin da ake gado daga iyaye.

Ayyukan ƙirƙirar kalmomi, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 har zuwa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, sun nuna cewa kalmar da ta fi zama ita ce wadda ta tsiro daga abin da masu harshen suka sani. Bisa wannan, ana iya ba da shawarwari kamar haka:

(a) "Ƙananan halittu" ya zama sunan gaba ɗaya, "ƙwayar cuta" kuma a keɓe shi ga masu sa cuta kawai.

(b) "Zaman tare" ya tsaya ga kowace irin dangantaka ta halittu biyu mabambanta, ba tare da an ce mai kyau ce ko maras kyau ba.

(c) "Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka" ga wadda kowa ke amfana, kamar ta wake da bakteriyarsa.

(d) "Zaman kaska" ga wadda ɗaya ke ci da jinin ɗaya, kamar ta kauci da itace ko ta wuta-wuta da dawa.

(e) "Zaman balbela" ga wadda ɗaya ke amfana ɗayan kuma bai yi riba ko asara ba, kamar balbela a bayan garke.

Buƙatar suna na gaba ɗaya wanda ba ya yabo ko zargi tana fitowa fili a ƙudan tsando, wanda aka kafa tashar bincikensa a Sherifuri kusa da Azare a shekarun 1920. A cikin hanjinsa akwai bakteriyar da Serap Aksoy ta raɗa wa suna a 1995 don tunawa da Vincent Wigglesworth. Ita ke samar masa da sinadaran bitamin da babu isassu a cikin jinin da yake sha, in aka kashe ta kuwa macen ba ta haihuwa. Tsakaninta da ƙudan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, amma ga makiyayin da sammore ke kashe wa shanu, ita ce mai rainon abokin gabansa. Ke nan ana auna irin zaman ne tsakanin halittun biyu, ba da ribar ɗan'adam ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda noman rairayin Borno ya dogara tun da daɗewa a kan zama biyu, na bakteriya da saiwar dangin wake da kuma na halittun tumbi da dabbobi, da yadda cinikin gyaɗa ya kwashe amfanin wannan zama zuwa ƙetare, da yadda takin buhu ya sa aka yi sakaci da shi, har tsada da rikici suka tilasta a waiwaye shi. An kuma ga cewa Hausa, wadda ita ce harshen kasuwa da na wayar da kan manoma a Maiduguri tare da Barbarci, ta gaji suna ɗaya tak daga asibiti, sunan da ya kasa ɗaukar wannan ɓangare na ilmi. Gonar gwaji ta tsangayar aikin gona da sashen nazarin harsuna duk suna cikin harabar jami'a ɗaya a gefen Mairi. Aikin da ya rage shi ne a tattara kalmomin da manoma da makiyaya ke amfani da su a Hausa da Barbarci da Fulatanci da Larabcin Shuwa game da ƙullutun saiwa da ƙarfin ƙasa da tuƙa, a gwada shawarwarin da ke sama a bakinsu, sannan a shigar da waɗanda suka karɓu cikin littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo na manoma.